An Yi Mini Kuka Ina Raye

Hannunsa na fara gani, yana rawa. Malaminmu ya miƙa masa takardar wasan kwaikwayo ya ce ya karanta, sai takardar ta yi ta kaɗawa kamar ganyen masara, aji ya tuntsire da dariya. Ni ban yi ba. Lokacin ina ajin ƙarshe a wata sakandaren jeka-ka-dawo a Rano, ba ni da aiki sai littattafan soyayyar da ake haya a kasuwa, ina ɓoye su cikin hijabi. Duk jarumin da na taɓa karantawa dogo ne mai mota da ƙamshin turare. Wannan kuwa siririn ɗan garin Kibiya ne, da keke yake zuwa, amma a ranar na yanke wa kaina hukunci shi ne nawa.

Wasan tsoho ne na Turawa, Malam ya mayar da shi Hausa saboda bikin yaye ɗalibai: saurayi da budurwa daga gidaje biyu masu gaba, a ƙarshe dukansu su mutu. Aka ba shi saurayin, aka ba ni budurwar. A gabana ya canza. Muryarsa ta buɗe, ya koyi kallon cikin ido, in an tashi ya turo kekensa ya raka ni har hanyar Yalwa. Ya ce da mun gama jarrabawa zai turo magabatansa. Ya ce in na mutu da gaske shi ma ba zai kwana ba. Na san a wasan ya ɗauko maganar, sai ma ta fi yi mini daɗi.

A fitowar ƙarshe za a kawo ni a matsayin gawa. Malam ya ce a lulluɓe ni da zanin gado, ya isa. Ni kuwa na raina zanin gado, don a littattafaina ba a yin abu rabi-rabi. Kakata tana da farin yadi da ta zo da shi daga Makka, an wanke shi da zamzam, ta adana a ƙasan akwati don ranarta. Shi na ɗauko ba ta sani ba. Da aka shigo da ni a kan ƙyauren ƙofa, filin ya yi tsit, sai salatin mata. Ya durƙusa yana kuka, ina jin hawayensa suna ratsa yadin. Ina kwance ina ganin duk Rano babu yarinyar da ta kai ni sa'a.

Labari ya riga ni isa gida. Kakata ba ta dake ni ba. Ta duba shatin jan-bakina a jikin yadin, ta ninke ta miƙo mini, ta ce ba za a kai ta kabari a mayafin da wata ta tashi daga cikinsa ba. A unguwa yara suka sa mini suna gawa-ta-tashi. Mata suka ce yarinyar da aka yi wa kuka tana raye ba ta daɗewa a ɗakin miji. Shi kuwa jarumi ake ce masa, har ana gayyatarsa riƙe lasifika a wurin biki. Duk na shanye, ina jiran magabata.

Shi kaɗai ya zo, a kan babur ɗin aro, bai ko sauka ba. Ya ce mahaifiyarsa ta rantse ba za ta karɓi amaryar da ta riga ta sa likkafani ba. Na tuna masa alkawarinsa, ya ce haba malama, ai wasa ne, kalmomin ma Malam ne ya rubuta. Na tambaye shi hawayen fa. Ya yi dariya ya ce man zafi ya shafa a ƙasan ido.

Na daɗe a gida kafin Allah ya kawo mijin da bai damu da camfi ba. Kakata ta rasu kafin nan, a yadin kasuwa aka suturta ta. 'Yan'uwana mata, ba na cewa wasa ne ya cuce ni. Ni ce na ɗauki kalmomin da aka haddace na gina rayuwa a kansu. Kafin ki miƙa wa namiji mutuncinki, ki ji abin da zai faɗa ranar da babu takarda a hannunsa, babu 'yan kallo.

Bara na je taron iyaye a tsohuwar makarantarmu, saboda 'yar ƙanwata da nake riƙo. Sai ga jarumin nan nawa ya miƙe, ya yi ƙiba, yanzu Alhaji ake ce masa. Ya nemi a hana wasan kwaikwayo gaba ɗaya, ya ce shi da idonsa ya ga yarinyar da wasa ya lalata wa suna a garin nan. Aka yi ta tafi. Na dubi hannunsa da ke riƙe da lasifika. Ko kaɗan ba ya rawa.