Baba Yuguda, Mai Nema Wa Kan Jirgi Makwanci

Kullum da hantsi, bayan ya zagaya gonar gyaɗarsa ya zuba wa tumaki harawa, Baba Yuguda yakan hau kekensa ya nufi Ɗanbatta. Ba kasuwa za shi ba. A bayan tashar mota akwai wani ɗakin koyon kwamfuta, inda matasa ke koyon tsara zirga-zirgar jiragen ƙasa da wata manhaja mai kwaikwayon layin dogo. Nan yake zama har azahar, kuma ba wanda ya ɗauke shi aiki.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a loko, wato shedin da kawunan jirage ke kwana. Shi ke yanke wane kai zai shiga wane layi, wane zai ja wane jirgi da safe. Malam Yahya, tsohon direba, ya rantse bai taɓa zuwa ya tarar an tare masa hanyar fita ba a zamanin Baba. Amma mutumin nan har yau bai sa yatsa a kan kwamfuta ba, wai kada ya ɓata wa yara abu!

Wanda bai san shi ba ya tambayi Raihana, 'yar wani manomin albasa a Watari. Ta kai matakin ƙarshe na neman aikin tsara jadawalin jirage, kuma sharaɗin ɗaya ne: kafin sha biyun ranar Alhamis ta aika jadawalin da manhajar za ta tafiyar ba tare da jirgi ko ɗaya ya maƙale ba. Kwana uku tana fama. Da agogon manhajar ya buga shida na safe, sai jirgin fasinja na farko ya ƙi motsi, ga taragai a tasha babu kai. Ranar Alhamis, saura awa ɗaya, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, wallahi na ba shi kai. Ga shi nan, lamba uku."

"A ina lamba ukun ya kwana?"

"A loko mana, layi na biyu."

"Shi da wa?"

Ta duba, ashe tare da kan jirgin kaya ya kwana. Baba ya fita, ta bi shi, ya karyo karan dawa biyu ya shimfiɗa a ƙasa, ya toshe ƙarshensu da dutse, ya zaro gyaɗa biyu daga aljihu.

"Layin nan ƙofa ɗaya gare shi, 'yata. Kin shigar da na asuba tun la'asar, ya ƙule can ciki. Sannan kika dasa na kaya a bakin ƙofa, shi kuwa sai goma zai tashi. Ta ina lamba uku zai fita, ta sama? Wanda zai riga tashi, shi ne ƙarshen shiga."

Raihana ta yi zumbur ta koma kan kujera, ta sauya musu lokacin shiga. Duk 'yan ɗakin suka yi cincirindo a bayanta. Shida ta buga. Lamba uku ya fito, ya kama taragansa, ya yi kuka, ya tashi! Ɗakin ya kaure da kabbara har mai shayin tasha ya leƙo da gudu, a zatonsa gobara ce. Jadawalin ya tafi lafiya har ƙarshe, ta aika saura minti goma sha biyu. Yau watanta biyu da kama aiki a Kano.

Da labarin ɗaukarta ya zo, Baba ya ce, "Kullum tsorona abin nan ya bi ni kabari. Alhamdulillahi, yanzu na huta."

Baba Yuguda, na loko gagara cunkoso! Kai ne ka tashi dubban fasinjoji a kan lokaci ba wanda ya san sunanka. Kai ne ka ƙi naɗe hannu a gindin bishiya kana ƙorafin yaran zamani. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya, ya saka da alheri.

Ku kuma iyayenmu da kuka ajiye aiki, kowannenku akwai abin da ya sani wanda ba ya cikin kowace takarda. Ku fito da shi tun kuna da ƙarfin taka keke, yaranmu na nan suna jira.