Naƙudar Ɗan da Bai Yi Kuka Ba

Damina ta kankama lokacin da cikina na fari ya shiga watan haihuwa. Na ɗauki hutu daga firamaren da nake koyarwa, na rufe ɗakina na Gangaren Tudu, na koma gidanmu a Liman Abaji goyon ciki. Maigidana a Abuja yake aiki. In ya sauko daga motar haya da yamma sai ya biyo ya gaida Inna, mahaifiyata, ya tsaya a zaure yana tambayata ko kumburin ƙafar ya ragu.

Duk matar da ta shigo gidan sai ta ba ni labarin naƙudarta, kowacce tana ƙoƙarin nuna tata ta fi tsanani. Inna ce ke korar su. Takan ce da ni, "Ciwon nan ba na banza ba ne, shi ke buɗe wa yaro hanya. Kina jin kukansa kin manta."

Wata safiya na sha koko, na zauna ina jiran shurin da ya saba yi mini in na sha abu mai ɗumi. Shiru. Na sha ruwan sanyi, na kwanta ta gefen hagu kamar yadda aka koya mana a wurin awo. Shiru. Inna ta ce barci yake yi, amma tana faɗa tana laluben mayafinta.

A asibiti wata ungozoma ce ta karɓe mu, dattijuwa 'yar ƙabilar Eggon da kowa ke kira Sista. Ta ɗora na'urar sauraro a cikina, ta matsar nan, ta matsar can. Da ta daina yi mini hira na gane. Aka kira likita, aka yi hoto, ya daɗe yana kallon allon kafin ya juyo.

"Malama, sai haƙuri. Zuciyarsa ta tsaya."

Inna ta yi salati. Ni kuwa tambaya na yi, da muryar da nake tambayar ɗalibai a aji: yaushe za a yi aikin a ciro shi? Ya ce ba za a yanka ni ba, gara in haihu da kaina, ya fi wa jikina da haihuwar gaba. Har ranar ban san wanda ya rasu ma sai an yi masa naƙuda ba.

Aka ɗaura mini ruwan naƙuda. Bayan azahar ciwon ya taso daga ƙugu, ya zagayo mara, ya lafa, ya sake dawowa da ƙarfi. Bai rage mini komai ba don babu rai a cikin. A bayan labule wata ta haihu, na ji kukan jaririnta, na ji ana yi mata barka. Na juya fuskata bango.

Da lokaci ya yi Sista ta ce, "To ƙanwata, kai ya sauko. In ciwon ya zo, ki yi nishi."

Ciwon ya zo, na ƙi. Jikina na tura shi da kansa, ni ina riƙewa, ina cije leɓe.

"Yi nishi mana!"

"Nishin me zan yi, Sista? Wa zan yi wa?"

Ba ta yi mini tsawa ba. Ta zagayo ta kama hannuna. Na ce mata in ya fito ɗauke shi za a yi, yanzu kuwa yana wurina.

Ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, ba zai yi kuka ba. Kuma mai rai yana taya uwarsa, yana juyawa yana neman hanya. Wannan ba zai iya ba. Aikin duka naki ne. Kada ki bar shi a tsakiyar hanya."

Sai na yi. Na yi nishi har na ga duhu, har na ji kamar ƙashin ƙuguna zai rabe. Na yi ihu, abin da Inna ta sha gaya mini 'yar mutunci ba ta yi. Tana bakin ƙofa tana ji, kuma ba ta taɓa tayar mini da maganar ba.

Ya fito gab da la'asar. Ƙarar almakashi kawai na ji. Inna ta leƙo ta ce kada a nuna mini, zai tsaya mini a rai. Sista ta dube ni, na miƙa hannu. Namiji ne, da sumarsa baƙa a kwance, da faratansa, bakinsa a ɗan buɗe. Jikinsa da ɗumi, amma ɗumina ne. Na riƙe shi har ya huce.

Cunkoson motoci a Mararaba ya riƙe maigidana, sai da aka naɗe yaron a farin ƙyalle ya iso. Ba makara, a hannu ya ɗauke shi, shi da kawuna suka tafi maƙabarta. Ba a yi masa salla ba tunda bai numfasa ba. Da ya dawo ya zauna a bakin gadona, jar ƙasa a gwiwar wandonsa, ya ce, "Sannu."

Jiki bai san an yi rashi ba. Inna ta dafa ruwa ta yi mini wankan jego safe da yamma, ta dama kunun kanwa. Nono ya kawo ya cika har da zazzaɓi, ta ɗaure mini ƙirji da zane tana kawar da kai.

Ana cikin haka wata Bafulatana da ke kawo mana kindirmo daga ruga ta yi sallama. Ba ta ji labari ba. Ta ga tukunyar wanka a kan wuta, ta sauke ƙwaryarta da murna tana cewa, "Barka, barka! Ina baƙon namu?"

Ta dubi Inna, ta dubi ɗaurin ƙirjina, sai ta zauna a ƙasa kusa da tabarmata. Can ta ce, a hankali, "Nawa ma haka ya zo, bara. A daji muka sa shi, mun tashi daga wurin."

Ta zauna tare da ni har rana ta yi zafi. Da za ta tafi na taya ta ɗora ƙwaryar a kai.