Ƙwai Mai Zafi a Bakin Tizón

A ƙauyenmu na gefen fadamar Ñeembucú babu wanda Ña Eulogia ba ta taɓa zarga ba. In ka gaishe ta da fara'a, wani abu kake nema. In ka wuce shiru, to ka riga ka ɗauka. Shekara ashirin shinge ɗaya ya raba gidajenmu, amma ko tereré, shayinmu na ruwan sanyi, na miƙa mata sai ta leƙa kofin kafin ta zuƙa.

Karenta kaɗai ta yarda da shi, Tizón, baƙi wuluk mai karyayyen kunne. Tun rasuwar mijinta, kullum da sassafe su biyu ke bin hanyar fadama, tana tafe tana yi masa gulmar mutanen gari. Ta san inda kada ke shan hantsi da bishiyar da aku ke taruwa. Ko karpincho ne, dabbobin fadama masu kama da ƙatuwar gafiya, suka ji motsinta suka tsunduma ruwa, sai ta ce rashin gaskiya ne ya kore su.

Da zafi ya shigo, ƙwan kajinta ya fara ɓacewa. Da ni ta fara.

"Ramona, chipar garin rogon da kike gasawa kwanan nan ta ji ƙwai fa. Kajinki biyu ne, ɗaya ma ta tsufa."

"Haba, Ña Eulogia! Zo ki gutsura, ko za ki ji kazarki ta yi kuka a ciki."

Daga kaina ta koma kan mai kawo madara, har jikar limamin cocinmu ba ta tsira ba. Ran nan sai ta iske Tizón a bayan akurki, gwaiduwa shaɓe-shaɓe a bakinsa.

A wajenmu maganin kare mai shan ƙwai ɗaya ne: a dafa ƙwai, a cusa masa da zafinsa, a damƙe bakin. Da na ga ta ɗora tukunya na leƙo ta kan shinge.

"Ki dakata mana! Kin ga lokacin da ya fasa?"

"Na ga bakinsa. Ke kuma me ya dame ki, ko tare kuke rabawa?"

Ta kira shi da muryar da take kiransa yawo, ya taho yana kaɗa wutsiya. Na shige ɗaki na toshe kunnuwana, duk da haka na ji ihunsa. Wallahi ranar na tsane ta.

Kwana uku Tizón na ƙarƙashin amalanke, ƙwai kuma bai daina ɓacewa ba. A rana ta huɗu na raka ta fadama don ta rasa abokin tafiya. Muna dawowa da rana tsaka, sai ga wani ƙaton damo mai zanen fari da baƙi ya sulalo ta ƙasan akurkinta, ƙwai a bakinsa. Muka bi shi da ido har raminsa a gindin suri, ga ɓawon ƙwai nan birjik. Ashe Tizón korar damon yake yi, ya lashe abin da ya yar.

Ña Eulogia ta juya ta nufi gida. Da yamma ta yanka kaza sukutum ta dafa, ta durƙusa gaban amalanke da cinya a tafin hannunta.

"Zo, ɗan baƙina. Taɓa ka ji, ta huce."

Ya shinshina daga nesa, ya ja da baya. Har yau yana binta fadama, amma da tazarar taku ashirin, kuma ba ya cin abinci sai ta ajiye ta shige ɗaki. Na ce mata zai manta.

"Ba zai manta ba," in ji ta, tana share ido da gefen siket. "Da sunansa fa na kira shi, Ramona, ya zo da gudu."