Baffa Inuwa Mai Rakiyar Shamuwa

Kun dai san Baffa Inuwa na Gwammaja, yayan mahaifina, ba ya barin baƙo ya tafi ba rakiya, ko da baƙon nan tsuntsu ne. Kowace kaka, da shamuwar da ke sheƙa a kan tsamiyar gidansa ta fara haramar tafiya, sai ya zura babbar riga, ya ɗauki sanda, ya taka har bayan Ƙofar Kabuga, ido a sama. Wai rakiya!

Na taɓa bin sa sau ɗaya, ban ƙara ba. A hanya mai adaidaita ya kusa kwashe shi.

"Baba, ba ka gani ne?"

"Ina gani mana! Kai ne ba ka ga abin da nake gani ba."

Da muka kai gonaki, malam-buɗe-littafi ya sauka a hularsa. Baffa ya ƙame ƙam.

"Baffa, rana fa!"

"Yi shiru. Shi ya zo da kansa, ni zan kore shi?"

A gida kuwa kullum rigimar tsamiyar ake. Hajiya, matarsa, ta gaji da kashin tsuntsu.

"Malam, baƙinka sun ɓata min shanya!"

"Haba Hajiya, danginki sun yi damina guda a nan, me suka bar mana? Waɗannan ko taki sun bari."

Babban ɗansa Habibu shi ne uban masu son a sare tsamiyar a gina shaguna. Ranar da ya kawo mai gatari, Baffa ya shimfiɗa tabarma a gindinta, ya miƙe abinsa.

"Bismilla, a sara. Amma a fara da ni, na fi ta taushi."

Da rani Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar arba'in Habibu ya sake kiran mai gatari. Mutumin na shigowa aka ɗaga kai, sai ga shamuwa ta sauka, da kara a baki. Habibu ya daɗe yana kallonta, sannan ya juya ga mai gatarin.

"Malam, yi haƙuri ka koma. Muna da baƙi."

Da kakar nan na hango Habibu a hanyar Kabuga, da sandar Baffa a hannu, ido a sama, masu mota na ta zaginsa. Na yi dariya, sai kuma na ji hawaye.

Allah ya jiƙan Baffa. Yadda bai taɓa barin baƙo ya tafi shi kaɗai ba, Allah ya sa rahama ta raka shi.