Guduma a Ƙofar Gidan Surukai

Na kai matata gidansu a Fadaman Mada. Kafin ta fito, na ce bari in canza hob ɗin tayar gaba ta motata, ƙarfen da taya ke ɗaure a jikinsa. Tsatsa ta riƙe shi gam. Ina tsugune na ji tafiya a bayana, na zaci ƙanenta ne.

Na ce, "Kai, daina tsayuwa haka, miƙo mini guduma."

Aka miƙo. Sai da ƙarfen ya fita na waiwaya, na ga mahaifinta ne. Na durƙusa.

Ya ce, "Ƙarasa aikinka," ya miƙo mini sabon hob ɗin.

Na ɗaure notuna kaina a sunkuye. Na daɗe ina aika gaisuwa kafin na iya sake shiga layin gidansu.