Gayyar da Aka Yi da Sifika

A daminar da na gama aji biyu na ƙaramar sakandare, ranar wata Laraba da hantsi, na tsaya a gindin aduwar da ke tsakiyar gonarmu ta gero, a ƙauyenmu da ke kusa da Fakku, riƙe da wata sifika da ba ta fi sandar sabulu girma ba. Mutum wajen talatin suna kallona, kowa da fartanya a kafaɗa. Gayya ce Baba ya kira. Ya faɗi da babur a hanyar kasuwa, ƙafa ta kumbura suntum, ciyawa kuwa ta samu sake har ta fara shaƙe geron. Inna da matan maƙwabta sun yi kwana uku suna daka, an dama fura, an sayo goro. Abu ɗaya ne babu. Tunau makaɗi, wanda gangarsa ke tayar da manoma, zazzaɓi ya kayar da shi. Kowa ya san gayyar da ba kiɗa zaman hira ce, kuma rana ɗaya tak mutanen nan suka ba mu, don kowa ya baro tasa gonar. In rana ta faɗi ba a gama ba, geron bana sai dai mu ji labarinsa. A nan ne na buɗe baki na ce wa Baba kada ya damu, ina da kiɗan da ya fi na Tunau.

Ba a banza na yi wannan cika baki ba. A Tambuwal nake karatu, a gidan gwaggona, kuma a can na san Sanusi mai cajin waya. Yana da shago a bakin kasuwa, da janareto, da wata tsohuwar kwamfuta da sai an yi mata fifita. Mutane kan kawo memori ya tura musu wa'azi da waƙoƙin fim. Amma a cikin kwamfutar akwai wani wuri da ya ɓoye abin da shi kansa yake so: kiɗan mutanen da ba su da kamfani ba su da ubangida, a ɗakunansu suke ɗauka su zuba a intanet, wanda ya tsinta nasa. Da na gama ɗebo wa Gwaggo ruwa na yanko wa tumakinta ciyawa, sai shagon Sanusi. Sa'o'ina suna langa da ƙwallon tsumma, ni ina kan benci da abin ji ɗaya a kunne, ɗayan a kunnensa. Waƙoƙin ba su da hoto, saboda haka ni na riƙa zana musu fuska a bayan littafin lissafina, har malami ya kama ni ya ce in lissafin ne ya zama mutum mai gemu uku to lalle na ci jarrabawa. Ba zan ɓoye ba, na zama abin haushi. Duk wanda ya kunna waƙar da kowa ya sani sai in taɓe baki. Gani nake ni da Sanusi kaɗai Allah ya ba kunne a duk ƙasar Sakkwato.

To ga ni yau a gona, an ba ni dama in wayar wa ƙauye da kai. Waƙa huɗu Sanusi ya tura mini a memori. Na rataye sifikar a reshe, na kunna wadda na fi ji da ita, wani kiɗa mai gudu kamar injin niƙa ya ɓalle. Samari suka ɗauka gasa ce. Suka duƙa, ƙasa na tashi, fartanya na sarar ciyawa da gero ba bambanci. Kafin a shanye kofin ruwa rabinsu sun riƙe ƙugu suna haki. Kawu Labbo, yayan Inna, wanda shi ne babba a gayyar, ya miƙe ya share zufa ya ce, "Kai Bello, wanga makaɗi naka kare ka bin shi?" Na yi maza na sauya zuwa wata mata da ke waƙa a hankali, kamar mai hura kunu da zafi. Mutane suka jingina da ƙotar fartanya suka yi jugum. Wani daga can ƙarshen kuyya ya tambaya da gaske, "Wa ar rasu?"

Na danna ta uku, na manta cewa ita da rugugin hadari da saukar ruwa take farawa. Ai kuwa gona ta watse. Wannan ya ruga wajen rigarsa, wancan ya tura babur ƙarƙashin bishiya, 'yan matan da suka kawo fura suka kife faifai a kan ƙwarya suna salati. Sai da kowa ya samu mafaka aka ɗaga kai, sama fes, ko ɗigon girgije babu. Aka yi dariya har da masu birgima. Daga dariya sai zama, daga zama sai goro ya fara zagayawa, na ji wasu suna zancen tasu gonar da suka baro. Ko kashi ɗaya cikin huɗu ba a nome ba. Na waiwaya wajen Baba. Yana zaune a tabarma, ƙafa a miƙe, bai dube ni ba, ciyawar yake kallo. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba, kuma a ƙarƙashinta akwai tsoro, don na san abin da rumbu wayam yake nufi a gidanmu.

Saura guda ɗaya, wani bawan Allah da ke kaɗa tukwane da cokali, ba sauri ba nawa. Ita ce Sanusi ke ce wa ta cika memori. Na kunna ta don ba ni da wata. Kawu Labbo ya karkata kai ya saurara, ya ce, "Kiɗin ga ya yi daidai da baya. Amma akwatin ga bai ganin kowa. Tunau in ya ga ka tsaya, sunanka shi ka kira. Kira mutane, yaro!"

Gidanmu ba a gaji roƙo ba, ban san kirarin kowa ba. Abin da na sani kawai shi ne abin da mata ke faɗa a bakin turmi, suna ganin yaro ne ke tsince tsakuwa a dawa, ba ya ji. Na rufe ido na kwarma, "Garba, wanda jaki ya kayar a gaban surukai!" Gona ta ɗauki ihu. Garba ya rasa inda zai sa fuska, sai ya duƙa ya kama kuyya, bai ɗago ba sai a ƙarshenta. Na ga abin ya ci. Na kira Audu da ya ga igiya a zaure ya haura katanga ya bar matarsa da macijin. Na kira Isa da ya ɓoye kan rago a hula. Kafin in kai mutum na shida babu mai zama. Tunau yabo yake yi mutum ya yi ƙwazo don a sake kiransa. Ni kuwa noma ake yi don kada in kira. Duk wanda ya miƙe ya ga idona a kansa sai ya koma. Kawu Labbo kansa ya tsaya zai sha ruwa, na cika baki da iska, ya ajiye kofin ya nuna ni da yatsa ya duƙa. Mai tukwane ya zagayo ya fi sau ashirin, kuma kafin la'asar sakaliya an share kuyyar ƙarshe.

Muka kama hanyar gida a kan amalanken shanu, ni da Baba. Sai da muka hango rumbuna ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ni fa, mi kas sani bisa kaina?" Na ce ban san komai ba. Ya ce madalla, in riƙe wannan karatun da kyau. Tun daga ranar, in na shigo tsakar gida sai taɓarya ta ci gaba da aiki baki ya yi shiru. Geron kuwa ya kai mu wata damina.

Yanzu duk kiɗan duniya yana aljihuna, ba sai na jira Sanusi ya tayar da janareto ba. Gayya ta yi ƙaranci a wajenmu. Bara na je gida na leƙa gonar, na tarar da ƙanena shi kaɗai, tankin feshi a baya, abin ji a kunnuwa biyu, yana gyaɗa kai. Na yi sallama sau uku, sai da na dafa kafaɗarsa ya san na zo. Abin da na yi ta fata ke nan ina yaro, kowa da kiɗan da ransa ke so. Ban san gona za ta yi shiru haka ba.