Jakin Bawa da Motar Nasiru

A gidanmu na Zurmi, tatsuniya tana da ƙa'ida. Sai an yi sallar isha'i, an ci tuwo, an wanke akushi, an ɗaure awaki, sannan kakarmu Inna Tumba ta sa a hura wutar kara a ƙofar ɗakinta. Manya a dama, ƙanana a hagu. Ita kuwa tana kan 'yar kujerarta da mazari a hannu tana kaɗi, gyaɗa na gasuwa cikin toka. Ba ta farawa sai kowa ya yi tsit.

"Baƙuwa ta iso bakin zaure," in ji ta, don haka take kiran tatsuniya. "Wa ka tarbon ta?"

"Mu na, Inna."

"To ku kama bakinku, ba ta son surutu."

Cikin tatsuniyoyinta akwai ɗaya da ban ɗauka a bakin komai ba sai da na yi furfura.

Wai an yi wani falke mai suna Bawa, mai kai kanwa kasuwar Shinkafi da jakinsa guda ɗaya ƙaƙƙarfa. Da damina gulbi kan cika ya tare hanya, fatake su zauna bakin ruwa suna jiran 'yan fito. Wata rana Bawa na cikin jira, sai ya ga shamuwa ta ƙetare gulbin ko ƙafarta ba ta jiƙe ba. Abin ya tsaya masa a rai. Ya tafi wurin wani baduku da ake cewa aljanu ke riƙe masa basilla, ya ce a ɗinka wa jakinsa fukafukai.

A nan Inna kan sauya murya. "Baduku yac ce, 'Bawa, in ɗunka su ina?' Yac ce, 'Ga baya mana.' Yac ce, 'To mangala hwa, ina za ta zamna?' Yac ce, 'Kai dai ɗunka.'" Sai ta tsayar da mazari ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kun ji wawa? An tambaye shi mangala, wai kai dai ɗunka."

Aka ɗinka. Da farko, mangalar kanwa ta rasa wurin zama, Bawa ya ɗauki kayansa a ka, jaki na biye da shi yana taƙama. Bayan haka, fukafukai suka ƙi shiga ƙofar zaure, sai da aka fasa bango. Da suka je bakin gulbi, jaki ya ruga, ya yi tsalle, ya tashi kamar tsayin mutum, nauyi ya rinjaye shi ya faɗa cikin geron wani. Suka komo gida da yamma, jaki ya hangi juji, ya yi abin da kowane jaki ke yi, ya kwanta ya yi birgima. Fukafukai suka kakkarye. Wurin ɗinkin ya zama gyambo, har damina ta wuce bai ɗauki mangala ba.

Na taɓa cewa, "Inna, da ya ɗaure shi kar ya yi birgima fa?"

"Kai ɗan nema, ina kat taɓa ganin jakin da anka hana birgima? Kuma shamuwa ta taɓa ce maka za ta ɗauki kanwa? Baƙuwa ta koma gidansu, ku ma ku kama hanya."

Na girma, na yi aiki a tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda har na yi ritaya. Na mallaki wata tsohuwar a-kori-kura, ita ke kwaso mana gero daga gonarmu ta Ɗan Isa duk kaka. Abincin gidana na shekara a bayanta yake zuwa.

Bana, ana gab da girbi, ɗana Nasiru mai walda ya kawo mini wayarsa ya nuna mini wani bidiyo. Wasu Turawa ne cikin wata aba mai tayoyi, ta buɗe fukafukai a kan titi mai sulɓi kamar faranti, ta tashi, ana ta tafi.

"Baba, mota ce mai tashi. Ka ba ni a-kori-kurar nan in gwada."

Na ce ya zauna, ya saurara bi da bi. Ƙaramin jirgin sama na san shi, na ga wanda ke zuwa feshin tsuntsaye, na kuma ji masu hali suna da nasu. Wannan ya san aikinsa. Jikinsa ba nauyi, yana da filinsa, yana da matuƙinsa, in ya sauka a rufe shi, ba mai taɓa shi. Wanda ya sauka daga cikinsa ya shiga mota ya ƙarasa gida. Ita kuwa wannan abar, tana bukatar fili kamar jirgi, tana bukatar matuƙi kamar jirgi, sannan ta ɗauki tayoyi da giya ta hau sama da su don wahala. In ta sauko ta shiga kasuwar Kaura, ɗan acaba ya goge ta, in da mota ce zalla, sai a ce Allah ya kiyaye a wuce. To wa zai yarda ya tashi sama da fiffiken da aka goga? Ramukan hanyar Zurmi kaɗai sun isa su kwance mata kowane noti. Abin wasan masu ƙoshi ne, a ɗauki hoto a mayar da ita ɗaki.

"Baba, kai ma ka san yadda hanya ta zama," ya ce a hankali. "Wanda ke sama ba a tare shi."

Wannan maganar ta taɓa ni, don gaskiya ce. Amma na tambaye shi, "Fukafukan a ina za ka ɗaura su?"

"A baya mana."

"To gero fa?"

Ya yi dariya, ya ce tunanin da nake yi na mutanen da ne.

Rasuwa ta kai ni Zurmi ta'aziyya. Da na dawo, na tarar an cire bodin mota an jingine a bango. A wurinsa an liƙa bututun ƙarfe an shimfiɗa masa kwanon rufi, dama da hagu, wai fukafukai. Samarin unguwa sun taru suna ɗaukar hoto. Ko ƙofar gida ba ta iya fita ba, har an fara shawarar fasa katanga.

Gero kuwa yana can an ɗaure dammuna a gona, kuma a zamanin nan ba mai barin damminsa a daji. Ban yi faɗa ba. Na tafi na nemo masu jakuna, muka yi ta jigila har aka kwashe.

A sawu na ƙarshe aka sauke wa wani jaki kaya a tsakar gida. Ya dubi motar, ya nufi tokar murhu, ya kwanta ya yi birgimarsa son ransa. Da muna yara na zaci Inna jakin take yi wa dariya. Ashe jaki bai taɓa cewa a ɗinka masa komai ba.

Nasiru na tsaye kusa da ni.

Na ce, "Ɗauko injin yankanka. Fara da na dama."